Ƙararrawa da Littafi: Tarihin Addu'ar Kullum a Ajame da Tireshbil

 A lokacin jubili an saba a ƙidaya majami'un da aka gina, da makarantu, da yawan waɗanda aka yi wa baftisma. Wannan daidai ne, gama abin godiya ne. Amma akwai wani aiki da ba ya shiga lissafi, domin ba mai ganinsa sai Allah, watau durƙuson da mai bi ya ke yi kowace safiya kafin ya fita neman abinci. Tarihin wannan aiki ni ke so mu duba, yadda ya faro a bakin ruwan nan na Abijan, da yadda ya iso gare mu, mu masu karanta Hausa da ke zaune a Ajame da Tireshbil.

Maganar ba ƙarama ba ce. Da yawa daga cikinmu mun tashi a gidajen da a ke kiyaye lokatai biyar na salla, ladan ya kira, kowa ya miƙe. Sa'ad da mutum ya karɓi Yesu Kristi, sai ya tarar ba mai kiransa da asuba, ba mai tambayarsa ko ya yi addu'a. Makwabta kuwa suna cewa Kirista ba su da ibada sai ran Lahadi. In maganarsu ta zama gaskiya a kan mutum, bangaskiyarsa ba za ta daɗe ba. To, bari mu ga yadda waɗanda suka riga mu suka yi.

Ƙasar kafin a yi birni

Kakanninmu Hausawa sun san wannan ƙasa tun kafin zuwan Turawa. Fatake sukan bi hanyar Gwanja da jakuna su kai Salaga, waɗansu su zarce har Bonduku, a arewa maso gabashin Kodebuwa ta yau, su sayo goro. Amma iyakarsu bakin kurmi. A nan kudu akwai dogon tafki kwance a bayan teku, ana ce da shi tafkin Ebrie, da sunan mutanen da ke zaune a gaɓarsa, masunta da manoman rogo. Ajame ɗaya ce daga cikin ƙauyukansu. Inda Tireshbil ta ke a yau kuwa, Anumabo a ke ce da wurin.

Faransawa suka kafa mulkinsu a 1893, suka zauna a Grand-Bassam. Ciwon shawara ya kashe da yawa daga cikinsu, suka ƙaura zuwa Bingerville a 1900. A 1904 aka fara shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Abijan zuwa arewa. Limaman Katolika sun sauka a Grand-Bassam tun 1895, suka sha wahala ƙwarai, amma bayan kusan shekara 20 masu binsu kaɗan ne. Akwai kuma akawuna da 'yan kasuwa daga Gwalkwas da Saliyo, 'yan Ekklesiyar Metodis, suna sujada tsakaninsu da harshen da mutanen ƙasar ba su ji. Mutanen ƙauye kuwa suna nan a kan tsafin kakanninsu, tsoron maita yana bisa kowa.

Mutumin da ya zo da ƙafa

A shekara ta 1913 wani dattijo ya ƙetaro daga Laberiya da ƙafa, yana bin bakin teku. Sunansa William Wade Harris, mutumin kabilar Girebo, an haife shi wajen 1860 kusa da Cape Palmas. Ya yi aikin jirgin ruwa, ya yi gini, ya kuma yi shekaru yana malamin makarantar Mishan. A 1909 aka kama shi saboda ya ɗaga tutar Ingila a ƙasar Laberiya. Yana cikin kurkuku a 1910 ya ce Mala'ika Jibra'ilu ya bayyana gare shi, ya aike shi wa'azi.

Kayansa ba su da yawa: farar riga da rawani, da sanda mai siffar giciye, da Littafi Mai Tsarki na Ingilishi, da ƙwarya ta yin baftisma, da gora mai caki domin waƙa. Mata biyu suka taso tare da shi suna taya shi waƙa. Ba ya karɓar kuɗi. Ya bi ta Fresco da Grand-Lahou da Jacqueville da Grand-Bassam, ya shiga Gwalkwas har Axim, sa'an nan ya komo. Sa'ad da ya iso Bingerville a 1914, mutanen ƙauyukan tafki suka yi ta zuwa cikin jiragensu domin su ji shi.

Wa'azinsa gajere ne. Allah ɗaya ne, ya fi dukan iskoki ƙarfi. A ƙone gumaka da layu, a karɓi baftisma, a kiyaye ranar Lahadi, a bar sata. Kowane ƙauye ya gina ɗakin Allah, ya zaɓi mai wa'azi da dattawa 12 masu lura da jama'a. Ya ce su yi wa Allah waƙa da muryoyin waƙoƙinsu na gargajiya, su sa sunansa a ciki. Ya kuma ce su jira, malamai za su zo da Littafi su koya masu. Cikin wajen shekara ɗaya da rabi an ƙiyasta mutum fiye da 100,000 suka karɓi baftisma ta hannunsa da ta hannun waɗanda ya aika.

Ba dukan abin da Harris ya yi mu ke bi ba. Bai hana auren mata da yawa ba, yakan kuma yi wa mutane baftisma tun ba su sami koyarwa ba. Duk da haka ba mai musun cewa Allah ya yi amfani da shi ya buɗe ƙofar da ta daɗe a rufe.

Kusan shekara goma ba makiyayi

Babban yaƙin duniya ya tashi a 1914. Hukumar Faransawa ta ji tsoron wannan baƙo mai jin Ingilishi wanda dubban mutane ke bi. A farkon 1915 aka kama shi, aka yi masa dūka, aka mai da shi Laberiya. Sau da yawa ya nemi komowa, aka hana shi. Ya rasu a ƙasarsa a 1929, cikin talauci.

Mai karatu, ka tsaya ka dubi halin da waɗannan mutane suka shiga. Malaminsu ya tafi. Ba fasto, ba makaranta, ba Littafi cikin harshensu. A wurare da dama hukuma ta rushe ɗakunan sujadarsu ko ta ƙone su. Abin da suka ji daga bakin Harris bai wuce na kwana ɗaya ko biyu ba. Bisa ga lissafin mutum, ai kamata ya yi abin ya mutu kamar wutar kara.

Amma bai mutu ba. Suka sāke gina ɗakunan da aka rushe, na gora da na laka. Waɗansu ƙauyuka suka tara kuɗi suka sayo Littafi Mai Tsarki na Ingilishi daga hannun 'yan kasuwa, suka ɗora a kan tebur a gaban jama'a, ko da ya ke ba mai iya karanta ko harafi ɗaya. Aka nemi ƙararrawa, aka sa mai bugawa. In ta yi ƙara sai jama'a su taru, su durƙusa, mai wa'azi ya maimaita ɗan abin da ya riƙe, a yi addu'a, a yi waƙa, a watse. Ran Lahadi ba mai taɓa aiki. Haka suka yi ta yi, shekara ta bi shekara.

Me ya riƙe su? Iliminsu kaɗan ne ƙwarai, yaron da ya yi wata uku a ajin baftisma a yau ya fi su sani. Abin da su ke da shi shi ne sabo. Sun sa wa addu'a lokaci da wuri, sun kuma sa wanda zai tuna masu. Mutumin da dā ya ke kai kukansa wurin boka, yanzu ya san inda zai kai shi. Ɗan abin da suka sani suka yi ta maimaitawa a gaban Allah har ya zauna a zuciya. Hausawa sun ce da yayyafi kogi kan cika.

Sai dai kada mu ɓoye ɗaya gefen. Addu'ar da ba ta da Maganar Allah a ƙarƙashinta tana da sauƙin karkacewa. A cikin waɗannan shekaru waɗansu mutane suka taso suna kiran kansu annabawa, kowa da tasa koyarwa. Waɗansu suka ɗauki Littafin nan rufaffe kamar wani sabon laya. Waɗansu kuma suka gaji, suka koma gidan jiya. Jama'a ba su da ma'aunin da za su gwada abin da a ke faɗa masu.

Littafi ya buɗe

A 1924 wani Baturen Mishan na Metodis, William Platt, wanda ke aiki a Dahome, ya zaga ƙauyukan tafki cikin jirgi. Abin da ya gani ya ba shi mamaki. Ko'ina ya sauka sai taro ya fito tarye, ga ɗakin sujada a share, ga Littafi a kan tebur, ga mutane suna roƙo a aiko masu malami. Labarin ya kai Ingila da Faransa. Aka kawo malamai 'yan Afirka daga Dahome da Togo, aka buɗe wurin horon masu bishara a Dabou, aka fara koya wa manya da yara karatu. A 1926 aka aiki Pierre Benoit ya sami Harris a Laberiya, ya komo da saƙo cewa mutanensa su shiga hannun Metodis.

Su Metodis kuwa sun zo da wani tsari da suka gada daga John Wesley. Shi Wesley yakan tashi da ƙarfe 4 na asuba domin addu'a da karatu, yakan yi wa ma'aikata wa'azi da ƙarfe 5 kafin su tafi aiki. Tun 1742, a birnin Bristol, ya rarraba masu bi ƙungiya ƙungiya, wajen mutum 12 a kowace, ana ce da ita aji. Kowane mako sukan taru, shugaban aji ya tambayi kowa lafiyar ruhunsa. Da wannan tsari addu'a ta tashi daga abin da ƙauye ke yi gaba ɗaya, ta zama abin da za a tambayi kowane mutum a kansa.

Ba kowa ya yarda ba. Maganar mace ɗaya da maganar kuɗin aji suka yi wa waɗansu nauyi. A 1928 suka aiki nasu mutane wurin Harris, cikinsu har da John Ahui na ƙauyen Petit-Bassam, wanda daga baya ya zama shugaban Ekklesiyar Harris. An tsara wannan Ekklesiya a babban taro na 1955, tana nan kuma har yau, masu binta suna sa fararen tufafi, ƙararrawarsu tana kira tun da sassafe. Waɗansu da yawa kuma suka shiga Katolika. Ekklesiyar Metodis ta ƙasar ta sami mulkin kanta a 1985. Dukan waɗannan rassa, in ka bi saiwarsu, za ka iske mutanen nan da suka yi kusan shekara goma suna durƙuso a gaban rufaffen Littafi.

Birni ya haɗiye ƙauyuka

A 1931 aka yi gada mai iyo a kan tafki. A 1934 Abijan ta zama babban birnin ƙasar, mutanenta ba su kai 20,000 ba. Turawa suka zauna a tudun da a ke ce da shi Filato, aka bar wa 'yan Afirka Ajame daga arewa, da Anumabo daga kudu a ƙetaren ruwa, wadda aka sāke wa suna Treichville, mu mu ke cewa Tireshbil, domin tunawa da wani Bafaranshe, Treich-Laplène. A 1950 aka gama haƙa mashigin Vridi, ruwan teku ya haɗu da tafki, a 1951 aka buɗe tashar manyan jirage. Jirgin ƙasa ya kai Wagadugu a 1954. Daga nan sai baƙi suka yi ta kwararowa. A 1955 mutanen birnin sun haura 120,000, a ƙidayar 2021 kuwa sun wuce miliyan 5.

Cikin baƙin nan akwai Mosawa da Julawa da Yarbawa da Zabarmawa da Hausawa. A 1958 wani Bafaranshe mai ɗaukar silima, Jean Rouch, ya fitar da hoton zaman samarin Nijar a Tireshbil, yadda su ke sammako zuwa bakin tasha ko za a ɗauke su dako na yini ɗaya. Ɗaya daga cikinsu, Umaru Ganda, daga baya ya zama sanannen mai shirya silima a Nijar. Mutanenmu suka shiga kasuwa da tireda da gadi da sayar da nama. Har abincin nan na garin rogo da soyayyen kifi da dukan Abijan ke ci, garba a ke ce da shi, saboda 'yan Nijar ne suka yi suna wajen sayar da shi.

A nan fa addu'a ta gamu da sabon gwaji. A ƙauye ƙararrawa ɗaya ta ishi kowa. A birni kuwa wani yana fita ƙarfe 4 domin ya sami mota a tashar Ajame, wani a lokacin ya ke komowa daga gadi. Gida ɗaya ɗakuna goma, kowane ɗaki da kabilarsa da addininsa, famfo ɗaya, makewayi ɗaya. Mutum biyar suna kwana a ɗaki irin wanda 'yan Abijan ke yi wa laƙabi da shiga ka kwanta. Ba dattijon da zai ce, wane, ban gan ka a sujada ba. Wanda bangaskiyarsa ta dogara ga idon jama'a, birni yakan cinye ta cikin 'yan watanni.

Amma waɗansu baƙi sun nuna hanya. Yarbawa 'yan kasuwa, da yawansu daga Ejigbo, suka kafa majami'un Baftis nasu da kansu, shekaru da dama kafin Turawan Baftis daga Amurka su zo Abijan su haɗa hannu da su a 1966. Mosawa masu bi su ma suka zo da bangaskiyarsu daga ƙasarsu, suna taruwa da harshensu bayan an tashi aiki. Ba Mishan ce ta aiko su ba, neman abinci ya kawo su, amma sun zo da sabon addu'a a cikin kayansu.

Abin da ya iso hannun mai karanta Hausa

Mu Hausawa masu bi kaɗan ne a wannan birni, yawancin 'yan'uwanmu Musulmi ne, muna zaune tare da su, muna cin arzikin juna. Amma Allah ya ba mu abin da mutanen Harris suka yi shekaru suna jira. Likita Walter Miller ya shiga ƙasar Hausa a 1900, ya zauna a Zariya, ya ba da shekarunsa ga juya Maganar Allah tare da Hausawa masu taimakonsa da waɗansu ma'aikatan Mishan. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa. A 1979 aka fitar da sabuwar fassara. Mishan ta SIM, wadda mutanenta na fari su uku suka sauka a Ikko a 1893, biyu suka mutu cikin shekara guda, ta kai Damagaram a 1924, daga baya ta zauna a Tsibiri kusa da Maradi, ta buɗe asibitin Galmi a 1950. A dukan waɗannan wurare abu na fari da a ke koya wa sabon mai bi shi ne karatu, domin ya karanta da kansa. Saboda haka wanda ya taso daga ƙasar Maradi ko Zazzau ko Jos zuwa Abijan yakan zo da Littafinsa cikin jaka.

Abu na biyu shi ne tsarin karatu na kowace rana. A garin Keswick na Ingila wata malamar makarantar Lahadi, Annie Marston, takan rubuta wa 'yan matan ajinta ayoyin da za su karanta kowace rana ta mako. Ta matsa wa shugabannin wata ƙungiyar bishara ga yara su buga irin wannan tsari domin kowa. Ran 1 ga Afrilu 1879 aka fara raba katin karatu na kullum, daga nan aka sami ƙungiyar Scripture Union, wadda a ƙasashen Faransanci, har da wannan ƙasa, a ke kira Ligue pour la Lecture de la Bible. Dabarar ba ta da wuya: kada mutum ya buɗe Littafi inda hannunsa ya faɗa, sai ya bi shi daki daki, kaɗan kaɗan, kowace rana.

Abu na uku rediyo ne. A 1954 SIM ta buɗe tashar ELWA a Monrobiya, a ƙasar Harris ke nan, tana watsa shirye-shirye da harsuna da yawa har da Hausa. Mai gadi a bakin kanti da dare yana iya jin karatun Littafi da harshensa. Yaƙin Laberiya ya rushe tashar a 1990, muryar ta katse. Wanda ya saba buɗe Littafinsa da kansa bai rasa abinci ba.

Kwanakin tsanani

Ƙasar ta sami mulkin kai ran 7 ga Agusta 1960, ta yi shekaru cikin zaman lafiya da arziki. Ran 19 ga Satumba 2002 yaƙi ya tashi, ƙasa ta rabu biyu, aka sa dokar hana fita. Bayan zaɓen 2010 rikici ya sāke ɓarkewa, har zuwa Afrilu 2011 aka kashe mutum wajen 3,000. Faɗa ya shigo cikin Abijan kanta, Ajame ta ji harbi, baƙi daga ƙasashen makwabta suka sha wuya ƙwarai. Kwana da kwanaki kasuwa a rufe, ba mai iya fita ko neman ruwa, balle zuwa majami'a. A 2020 kuma annobar korona ta sa aka dakatar da taruwa na wani lokaci. A irin waɗannan kwanaki kowane gida ya koma kamar ƙauyen tafki na 1915, ba fasto, ba taro. Uban da ya saba tara iyalinsa a yi addu'a ya san abin yi. Wanda bai saba ba ya zauna da tsoronsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da za mu ɗauka

Mutanen Harris suna da ƙararrawa, ba su da buɗaɗɗen Littafi. Mu muna da Littafi, har a cikin wayar hannu, amma ba mai buga mana ƙararrawa. Sai kowa ya zama mai bugawa ga kansa. Ga shawara biyar.

Na fari, ka sa lokaci. Markus 1:35 ya nuna mana Ubangijinmu da kansa ya tashi tun da sauran duhu ya keɓe domin addu'a. Daniyel baƙo ne a babban birni kamarmu, ma'aikacin hukuma kuma, amma sura 6 ta littafinsa ta nuna sau uku a yini ya ke durƙusawa, ranar da aka hana ma bai sāke ba, domin ya riga ya saba. In kiran asuba na makwabta ya tashe ka, kada ka yi gunaguni ka juya. Ka tashi kai ma ka nemi fuskar Ubanka. Mai aikin dare ya zaɓi nasa lokaci. Minti 15 kowace rana ya fi awa biyu sau ɗaya a wata.

Na biyu, ka sa wuri. Wanda ba shi da ɗakin kansa yana da bakin tabarmarsa, ko bayan teburinsa kafin masu saye su zo, ko bencin gadi. Wanda danginsa ba su yarda da bangaskiyarsa ba, kada ya yi abin tsokana. Matiyu 6 ya koya mana Uba yana ganin abin da a ke yi a ɓoye.

Na uku, ka karanta kafin ka yi magana, domin Allah ya fara yi maka magana. Ka soma da Markus, sura 16 ce kaɗai. Sabon Alkawari sura 260 ne, mai karanta sura ɗaya kullum zai gama kafin wata tara. Ka haɗa da Zabura, su 150 ne, su ne makarantar addu'a. Bayan karatu ka tambayi kanka, me wannan ya nuna mani game da Allah, me kuma ya ke so in yi yau? Ka riƙe aya ɗaya ka tafi da ita kasuwa. 'Yar'uwar da ba ta iya karatu ba, ɗanta ya karanta mata, ko ta saurara ta waya, sa'an nan ta shiga ajin karatu.

Na huɗu, ka yi addu'a da Hausarka, yadda ɗa ke magana da ubansa. Ka fara da godiya. Ka faɗi zunubinka da sunansa, ko ƙarya a ciniki ce, ko fushi da matarka. Ka roƙa domin waɗansu, da iyayenka na gida, da makwabcinka Musulmi, da masu mulkin ƙasar da ta karɓe mu baƙunci. Daga ƙarshe ka kawo bukatarka, kuɗin haya da ciwon yaro duka, ba abin da ya yi ƙanƙanta. In bakinka ya rasa magana, addu'ar da Ubangiji ya koya wa almajiransa tana nan, ka bi ta a hankali.

Na biyar, kada ka tsaya kai kaɗai. Maigida ya tara iyalinsa da dare, a karanta 'yan ayoyi, a yi waƙa ɗaya, yara su ma su yi addu'a, gama icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Gwauro ya nemi ɗan'uwa ɗaya da za su riƙa tambayar juna kowane mako, kamar ajin Wesley.

Akwai abu guda da ya kamata sabon mai bi ya gane sarai. Wannan addu'a ba bashi ba ce da a ke biya, ba kuwa lada a ke tarawa da ita domin a sayi ceto. Yesu Kristi ya riga ya biya duka a kan giciye. Muna zuwa ne domin an riga an karɓe mu. Saboda haka ranar da barci ya ɗauke ka, ko aiki ya sha kanka, ba ramuwa a kanka, kada kuma Shaiɗan ya ce maka ka fāɗi ke nan. Gobe ka tashi ka ci gaba daga inda ka tsaya. Akwai kuma ranakun da za ka karanta ba ka ji daɗin kome ba. Mutanen Isra'ila sun tattara manna kowace safiya shekara 40 a jeji, ba kullum su ke marmarinta ba, amma ita ta kai su bakin Urdun.

'Yan'uwa, waɗanda za su yi jubili na gaba 'ya'yanmu ne da jikokinmu, da yawansu an haife su a nan, Faransanci ya fi Hausa sauƙi a bakinsu. Ba mu san irin kwanakin da za su gani ba. Abin da suka ga muna yi da asuba shi za su riƙe. Bari mu gode wa Allah saboda masuntan nan da suka jira, da waɗanda suka juya mana Littafi, da baƙin da suka riƙe addu'a cikin ƙuncin birni. Ubangiji ya tashe mu gobe da safe, ya ba mu yunwar Maganarsa, ya riƙe mu har ranar bayyanarsa. Amin.